Ko Dole Sai Da Fetur Mai Tsada Inji Zai Zauna Lafiya?

 Ina gaida na cikin birnin Daura, da na Sandamu, da Zango, da Baure, da Mai'adua, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka da ke kama mu a Magarya da Matamaye. Da fatan kowa ta tashi lafiya, yara sun tafi makaranta, an ɗora sanwa. To a jawo rediyo kusa, yau hirar tamu ta fetur ce.

Na san wata za ta ce, yau kuma me ya haɗa mu da fetur, mu da ko zaure ba mu cika leƙawa ba? To 'yar uwa, tsaya ki lissafa. Injin markaɗen da ke bayan ɗakinki me yake sha? Janareton da ke riƙe miki firji ki sayar da ƙanƙara da zoɓo fa? Babur ɗin da maigida ke fita da shi nema, ko Keke Napep ɗin da kika haɗa kuɗin gado da na adashe kika saya, ai duk fetur ne abincinsu. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan ta yi ta hawa. Kowace mace ta ji wannan a tukunyarta. Kin ga kuwa kuɗin fetur kuɗin cefane ne.

Abin da ya kawo maganar

Wata baiwar Allah ce daga ƙasar Zango ta aiko mana da tambaya. Ta ce ta sayi keke ta ba wani yaro ɗan unguwarsu yana ja, yana kawo mata balas kullum. Kwanakin nan sai ya fara rage kuɗin, ya ce wai injin keken ba ya son man gidan mai na gama-gari, sai wani mai na musamman da ake kira sufa, wanda ake sayarwa a jarka, kuma ya fi tsada. Ya ce in ba a sa shi ba injin zai buga. Ita kuma tsoro ya kama ta, don keken nan shi ne duk jarinta. Ta ce a taimaka a bincika mata, gaskiya ne ko kuwa?

Mun gode da wannan tambaya, domin ba ke kaɗai ba ce. Har a Turai da Amurka masu mota suna wannan gardama. Bari mu bi ta daki-daki.

Yadda inji yake cin mai

Ki ɗauki inji kamar turmi da taɓarya. A cikinsa akwai wani rami mai santsi da kanikawa ke kira silinda, shi ne turmin. A cikin ramin akwai wani ƙarfe mai hawa da sauka da ake kira fistan, shi ne taɓaryar. Babur da keke da ƙaramin janareto galibi turmi ɗaya gare su, mota kuwa huɗu, ko shida, wata ma takwas.

Inji yakan zuƙo iska ya gauraya ta da tururin fetur a cikin turmin nan. Sai fistan ya taso ya matse su, ya danne su sosai, har abin da ya cika turmi ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na wurin da yake ciki da farko. Daidai wannan lokaci sai fulogi ya ƙyasta wuta. Wutar ta bazu a hankali daga bakin fulogi zuwa gefe, ta tura fistan ƙasa da ƙarfi, wannan turin shi ke juya ƙafa. Haka yake yi sau dubbai a cikin minti ɗaya.

To ga inda matsalar take. Duk abin da aka matse yakan ɗau zafi. Idan fetur ɗin ba mai juriya ba ne, wanda ke can gefen turmi ba ya jiran wutar fulogi ta iso shi, sai ya fashe da kansa. Wuta biyu ke nan suka yi karo a turmi ɗaya. Kin san lugude, mata biyu ko uku suna daka a turmi guda, kowa da lokacin saukar taɓaryarta. Ranar da ɗaya ta yi gaggawa ta sauke tata kafin lokaci, sai ki ji ƙau, taɓare sun haɗu. To haka yake a inji. Direba zai ji wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, musamman in ya ɗauko kaya yana hawa tudu, ko ya taka totur da ƙarfi ana tsakiyar zafi. Wannan ita ce ƙwanƙwasar inji. In ta yi tsanani kuma ta daɗe, tana iya cinye kan fistan.

Amma a lura, ba ita ce abin da mutanenmu ke nufi ba in sun ce inji ya buga. Bugawar inji, wato ya cije ya ƙi juyawa, yawanci daga rashin baƙin mai take zuwa, ko baƙin man ya tsufa ba a juye ba, ko inji ya yi zafi babu ruwa a lagireto. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mece ce lambar oktan?

Masana sun yi wa fetur ma'auni na wannan juriya, suka kira shi lambar oktan. Tun wajen 1927 aka tsara shi a Amurka. Sun ɗauki wani sinadari mai tsananin haƙuri da matsi suka ba shi lamba 100, suka ɗauki wani mai saurin fashewa suka ba shi sifiri. Duk fetur ɗin da aka gwada, sai a duba da wane gaurayen waɗannan biyun halinsa ya yi daidai. In an ce fetur 91 ne, ana nufin juriyarsa ta yi daidai da gaurayen da ke da kashi 91 na mai haƙurin, kashi 9 na mai gaggawar.

Kin ga ke nan lambar nan haƙuri take aunawa. Ba ta auna ƙarfi, ba ta auna tsabta, ba ta kuma auna nisan tafiyar da lita ɗaya za ta yi. Ƙarfin da ke cikin litar 91 da na litar 95 kusan ɗaya ne.

Bari in kawo miki misali daga madafa. Man shanu ya fi man gyaɗa tsada, ko ba haka ba? Amma kowane da wurinsa. In za ki soya ƙosai, wuta mai ƙarfi, kasko ya daɗe a murhu, mai kike nema wanda zai jure zafi bai ƙone ya yi baƙi ba. In kuwa ɗan ɗumama miya za ki yi a kan garwashi, wannan juriyar ba ta da wani amfani a wurinki, don zafin bai kai inda za a buƙace ta ba. Haka inji yake. Wanda aka ƙera shi da matsi mai tsanani yana buƙatar fetur mai babbar lamba. Wanda aka ƙera da matsi madaidaici, in kin zuba masa mai babbar lamba, ya sha ne kawai, juriyar da kika biya kuɗinta ba a taɓa ta ba.

An gwada wannan. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka da ake kira AAA ta ɗauki motocin da aka ƙera don man gama-gari, ta zuba musu mai tsadar, ta auna. Ba ta ga wani ƙarin ƙarfi na a zo a gani ba, ba ta ga ragin shan mai ba, hayaƙin ma bai ragu ba. Ta kuma ƙiyasta cewa a shekara guda Amurkawa sun zubar da sama da dala biliyan 2 wajen sayen man da motocinsu ba sa buƙata. Ashe rashin sani ba a ƙauye kaɗai yake kwana ba.

Wace mota ce ke buƙatarsa?

Akwai su. Yawancin motocin alfarma na Jamus irin su Mercedes da BMW, da wasu masu injin turbo, masu ƙera su sun ce a sa 95 ko sama. Hanyar ganewa ba ta da wuya, ba sai an je wurin bakanike ba. A buɗe ɗan murfin da ke rufe bakin tanki, sau da yawa akwai rubutu a cikinsa. In babu, a duba littafin motar. Ko yaronki ɗan sakandare zai iya karanto miki.

Sai dai akwai wani abu mai rikita mutane. Lissafin Amurka daban yake da namu. Mu da Turai da Saudiyya ma'auni ɗaya muke bi, su kuwa Amurka lambarsu takan gaza tamu da kamar 4 ko 5 a kan fetur iri ɗaya. Saboda haka in maigida ya sayo Toyota Camry ko Corolla ko Honda Accord ta hannu wadda aka shigo da ita daga Amurka, ya ga an rubuta 87, wannan shi ne kusan 91 a lissafinmu. In kuwa an rubuta 91 a motar Amurka, to 95 ɗinmu ake nufi. Hajiyoyin da suka sauke farali wataƙila sun lura a gidajen man Makka da Madina akwai famfo mai alamar kore da mai alamar ja. Koren 91 ne, jan 95. Kowa ya san na motarsa ya nufa.

To in mutum yana da motar da ke son 95 a inda babu shi fa? Motocin zamani suna da wata 'yar na'ura a jikin inji mai sauraron ƙwanƙwasar nan. Da ta ji, sai ta gaya wa kwamfutar motar, ita kuma ta jinkirta ƙyastawar fulogi kaɗan. Motar za ta ɗan rage kuzari, ta ɗan ƙara shan mai, amma injin ya tsira. Abin da ya kamaci mai irin wannan mota shi ne ya rage taka wuta, kada ya labta mata kaya, musamman a bazara, watannin Maris zuwa Mayu da zafin Daura ke wuce 40 a ma'auni, don zafi yana ƙara wa inji saurin ƙwanƙwasa.

Babur kuwa, Bajaj ne ko Jincheng, da Keke Napep, da janareto, da injin markaɗe, da injin ban ruwa na masu lambu, duk masu matsi madaidaici ne. An ƙera su ne don man gama-gari.

A ƙasarmu fa, iri nawa ne?

Nan ne abin dariyar yake. A takardun gwamnati sunan fetur ɗinmu PMS, kuma harafin farko na nufin firimiyam, wato mai daraja ta sama. Kin ji suna kamar na sarauta. Amma shi ne dai fetur ɗin da kowa ke saye, tun daga mai tsohuwar Golf har zuwa mai sabuwar jif. In kika aiki yaro gidajen man da ke hanyar Kano ko hanyar Katsina ya duba miki, zai tarar da famfon fetur, da na man gas wanda wasu ke kira dizal, wani wurin da na kananzir. Ba zai ga famfon talaka da na mai kuɗi ba. Ma'aunin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020 shi ne kada fetur ya gaza 91, kuma a rage farar wutar da ke cikinsa.

Kalmar sufa kuwa, daga maƙwabtanmu ta shigo. A Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta raina, abin da ake rubutawa a famfon fetur ke nan. Nijar tana da matatarta a kusa da Damagaram, ana kiranta SORAZ, an buɗe ta a Nuwamban 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana. Fetur ne na ƙwarai in an saye shi a gidan mai. Amma sunan sufa a can sunan fetur ne kawai, kamar yadda PMS yake a nan. Da zarar kuma mai ya bar famfo ya shiga jarka, ya bi hannu uku ko huɗu, babu mai iya rantse miki daga ina ya fito ko me aka ƙara masa a hanya.

Launi ma ba hujja ba ne. Wani ya yi ja-ja, wani ruwan ɗorawa, wani fari tas kamar ruwa. Da matatar Ɗangote ta Legas, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ɗan garin nan ya ƙaddamar a Mayun 2023, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, mutane sun yi ta mamakin haskensa. Launi ya danganta ne da yadda aka tace da kuma rinin da wasu ke sawa. Ido ba ya ganin lambar oktan, sai injin gwaji.

Babbar lamba ba ita ce lafiya ba

Tarihi ya nuna mana wannan har sau biyu. A 1921 wani masani a kamfanin General Motors na Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa in an ɗiga wani sinadarin dalma a fetur ƙwanƙwasa takan tsaya. Duniya ta yi ta murna, aka shekara fiye da hamsin ana zubawa. Daga baya aka tabbatar cewa dalmar nan tana fita ta hayaƙi, yara su shaƙa, ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Mu nan arewa mun san sharrin dalma, don ba mu manta da yara sama da 400 da gubarta ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sa ta a fetur daga farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Na biyu, a Fabrairun 2022 hukumomi suka sanar cewa an shigo da fetur daga tashar Antwerp ta Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa. Motoci suka yi ta lalacewa, aka janye man daga kasuwa, layi ya dawo gidajen mai tun daga Legas da Abuja har ya iso mu. Abin lura, shi metanol lambar oktan ɗinsa babba ce ƙwarai, ta haura 100. Amma yana cin roba, yana jawo ruwa, yana sa tsatsa. Kin ga lamba ta hau, inji ya mutu.

Wannan ya kawo mu ga 'yan kwalaben nan da ake tallarsu, wai a tsiyaya a tanki fetur ya zama na musamman. Da yawansu abin da suke ƙara wa lambar ɗan kaɗan ne, wasu kuma suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke barin jan datti a kan fulogi. Masu jefa ƙwayar kafur a tanki su ma su bari, tana iya toshe hanyar mai. Injin da bai nemi abu ba, kada a ɗura masa.

Abin da ke kashe inji a ƙasar Daura

In ana neman abin tsoro, to ga shi: gurɓataccen mai. Mu mutanen kan iyaka mun saba da 'yan bumburutu. A Nuwamban 2019, bayan rufe iyakoki, hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutanen Mai'adua da Kongolam da makamantansu suka koma dogaro da jarka da galan, don babu yadda za su yi. Ba a ce duk mai sayar da mai a bakin hanya macuci ne ba, da yawa neman halalinsu suke. Amma man jarka yana da haɗari guda huɗu.

Na farko ruwa, ko an zuba da gangan ko ya taru daga raɓar cikin durom. Na biyu ƙura da yashi, musamman da hunturu, su ke toshe kafireta da injekta, su kashe famfon mai. Na uku gauraye da kananzir ko man gas ko wani sinadari, duk wanda ya fi araha a lokacin. Kananzir lambar oktan ɗinsa ƙasa take ƙwarai, shi ne ma zai jawo ƙwanƙwasar da ake gudu, ga hayaƙi, ga wahalar tashi da safe. Na huɗu tsufa. Fetur ɗin da ya yi watanni a ajiye cikin zafi, sassansa masu sauƙi sun tsere, ya bar wani danƙo mai liƙe kafireta. Shi ya sa janareton da aka ajiye da mai a ciki tun bara yake ƙin tashi.

Akwai gwaji biyu da za ki iya yi daga cikin gida, a tsakar gida, nesa da murhu. Ki zuba kaɗan a farar kwalba mai tsabta ki ajiye na 'yan mintoci. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, ki ga layi ya raba su, datti ma zai zauna. Sannan ki ɗiga ɗigo biyu a farar takarda. Fetur tsantsa zai bushe nan da nan bai bar komai ba. In ya bar tabon maiƙo kamar an ajiye ƙosai a kai, to an haɗa shi da wani abu.

Sauran abin da ke tsawaita ran inji duk masu sauƙi ne: juye baƙin mai a kan lokaci, wanke ko canja abin tace iska don ƙurar ƙasarmu, canja fulogi in ya gaji, duba ruwan lagireto, da kada a bar tanki yana ƙarewa ƙaf ana zuƙo dattin ƙasa. Mai ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ta nemi man da aka rubuta 2T a jikinsa, ta bi awon da ke littafin, yawanci kashi 1 ne cikin 50. Baƙin man da aka juye daga mota ba na wannan aiki ba ne.

Kashedi a kan ranki da na 'ya'yanki

Inji in ya mutu a sayi wani, rai fa? Kananzir tsantsa ba ya kama wuta da sauri sai ya sami lagwani ko ya ɗau zafi. Fetur kuwa ko a cikin sanyin hunturu tururinsa a shirye yake ya kama. Kananzir ɗin da fetur ya shiga cikinsa shi ne ke tarwatsa risho da fitilar ƙwai. A 2001 irin wannan ya ƙone mutane da yawa a jihohin Edo da Legas, akasari mata da yara, don su ne a bakin risho. Saboda haka duk kananzir ɗin da aka sayo miki, ki sansana. In kin ji ƙaurin fetur, a mayar. Kada jarkar fetur ta zama ta kananzir, ko mazurarinsu ya zama ɗaya. Kada ki ƙara mai a risho ko fitila tana ci.

Kada a kwana da fetur a ɗaki ko a kusa da madafa. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar maciji har ya iske garwashi. Kada a zuba wa janareto mai yana aiki ko da zafinsa, a kashe a bari ya huce. Kada kuma a kunna shi a ɗaki ko a rufaffen zaure, hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. A ja wa yara maza kunne, in tankar mai ta faɗi su yi nesa. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda mutane sama da 150 suka rasu wajen kwasar mai, ya ishe mu wa'azi. Allah ya jiƙansu.

Amsa ga mai keke

To 'yar uwa ta ƙasar Zango, ga amsarki. Kekenki ba ya buƙatar wani mai na musamman. Fetur ɗin gidan mai na kirki ya ishe shi, ya ma fi masa lafiya a kan na jarka, ko da wane suna aka kira shi. Mu yi lissafi, a misali kawai. A ce ƙarin naira 100 ake biya a kowace lita, keken yana shan lita 5 a yini. Naira 500 ke nan kullum, 15,000 a wata, 180,000 a shekara. Kuɗin juyen baƙin mai nawa ke nan, da taya, da kuɗin makarantar yara?

Ban ce yaron nan cutarki yake yi ba, mai yiwuwa shi ma haka aka gaya masa ya yarda. Ki sa a kira shi, ko maigida ya zauna da shi, a yi magana ta lalama. Ki ce, ɗana, na bincika, daga yau gidan mai kaza za ka riƙa sha, wanda aka san shi da cika awo da mai mai kyau. In ya ce ai yana jin ƙara a injin, to a kai wa bakanike amintacce ya duba fulogi, da saitin wuta, da dattin da ke taruwa a kan fistan, don su ma suna kawo ƙwanƙwasa. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar juye da kuɗin mai. Dukiyar da mai ita ke lissafinta ta fi daɗewa.

Ke kuma da maigida ke da mota, in kin ji yana zancen sayen wani mai ko wani magani mai tsada, ba sai an yi gardama ba. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce, Malam, na ji a rediyo an ce a cikin murfin tanki ake rubuta irin man da mota ke so, ko za a duba mana? In an duba an ga 91, ko 87 a motar Amurka, magana ta ƙare, rarar kuɗin ta dawo cefane. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Nan za mu dakata a yau. Mai tambaya ta aiko ta hannun yaro ko ta waya kamar yadda aka saba. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kare mu daga gobara, ya sa albarka a neman mazajenmu da sana'o'inmu na cikin gida. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.